Ɗaya da Rabi na Juma'a

Felix ya zaro kansa daga bayan babbar kwamfutar, ya share gumi da gefen riga, ya ce, "Oga, faifan da ke ajiye bayanan nan ya mutu. Ko Legas aka kai shi ba mai tashinsa."

Dakta Akinola, mai asibitin, ya ƙura wa kwamfutar ido. Barakatu, wadda ke kula da bayanan marasa lafiya, tana tsaye a bakin ƙofa da hannu a ƙirji. Tun ƙarfe takwas na safiyar wannan Juma'ar mata masu awon ciki suka cika bencin da ke gaban tagarta, ba wadda aka iya nemo wa sunanta. Shekara biyu ke nan da asibitin ya daina katin takarda, komai ya koma cikin wannan baƙin akwati: awon jini, allurar da aka yi, maganin da jikin mutum ba ya so.

"Amma kada ka damu," in ji Felix. "Dalilin da na sa faifai na biyu ke nan. Kullum ƙarfe goma na safe kwamfutar tana kwashe komai da kanta ta zuba a can. Aikin jiya kaɗai za ku rasa."

Ya jona faifan na biyun da ƙaramar kwamfutarsa, yana ta fito. Can sai fiton ya tsaya.

"Mene ne?" in ji Dakta.

"Kwafin ƙarshe na sha huɗu ga Maris ne."

"Maris? Felix, yau muna Nuwamba!"

Barakatu ta juya ta koma ofishinta. Ba sai an gaya mata abin da ya faru a watan Maris ba.

A lokacin, da ƙarfe goma ta buga, kwamfutar sai ta kama wannan aikin kwashe-kwashe nata, ta daskare kusan minti arba'in, daidai lokacin da layi ya fi tsawo. Ta sha zagi a tagar nan. Wata rana wata mata ta yanke jiki ta faɗi a layi, Dakta ya fito ya yi wa Barakatu tas a gaban jama'a. Sau uku tana kiran Felix a waya, yana can Samaru yana gyara wa masu shagon intanet na ɗalibai, kullum amsarsa gobe. To, ita ma ai ta yi kwas ɗin kwamfuta na wata shida, kuma ta ga inda yake shiga ya saita lokacin. Ta zauna ta yi tunani irin nata: yaushe asibitin ke zama wayam? Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi. Musulmi sun tafi masallaci, sauran sun tafi cin abinci, sahu ya tare titi, ba mai shigowa. Ta cire kullum ta sa Juma'a, ta cire goma ta sa ɗaya da rabi. Washegari layi ya tafi sumul. Har Dakta ya yaba, wai kwamfutar ta warke.

Abin da ba ta taɓa haɗawa da wannan ba shi ne Malam Hamza.

Malam Hamza shi ke kula da janareta tun da aka buɗe asibitin, shekara goma sha takwas. Layinsu na Sabon Gari ba ya ganin wutar Nepa da rana, saboda haka injinsa ne ke riƙe da gidan. Yana da ƙa'ida guda wadda ba ya karyawa: ba ya barin inji yana aiki ba ido a kansa, don ya taɓa ganin na niƙa ya kama wuta a Jushi yana saurayi. Duk Juma'a, ɗaya da kwata, sai ya leƙo tagar Barakatu cikin farar rigarsa, darduma a kafaɗa.

"'Yata, in kashe?"

"Kashe, Baba. A sa mu a addu'a."

Batirin da ke riƙe kwamfutar minti goma yake yi. Ke nan kafin ɗaya da rabi ta cika, akwatin ya riga ya mutu. Wata takwas ana haka, kuma da bakinta take cewa a kashe.

"Malama!" Wata mai tsohon ciki ta ƙwanƙwasa gilashin tagar. "Ni ce Ummi, ta unguwar Jama'a. Wata bakwai ina zuwa nan. Likita ya ce yau zai duba abin da ya rubuta ya gaya mini ko aiki za a yi mini. Ko shi ma ya ɓace?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ana gyara."

"Haƙuri zan kai masa ya karanta?"

Matan benci suka yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Wajen sha ɗaya Felix ya shigo ofishin, ya turo ƙofa, ya rage murya.

"Sista, na ga saitin. An mayar da shi Juma'a."

Ta ɗago ta dube shi.

"Lambar sirri ɗaya kuke shiga da ita ku duka, har nas-nas. Kwamfuta ba ta san hannun kowa ba. Amma ni na san wa ya kira ni sau uku a Maris." Ya sosa ƙeya. "Ni ma kamata ya yi duk wata in zo in duba, ban zo ba. Ki yi shiru, in yi shiru. Kin gane?"

"Me za ka ce wa Dakta?"

"Gaskiya mana. Kwamfutar ta rubuta cewa duk Juma'a wuta na yanke mata farat ɗaya. Irin wannan yana kashe faifai. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ya yi ba. Rabi ya faɗa, ya sa rabi a aljihu, kuma a wannan zamani har an mai da hakan wayo.

Aka kira Malam Hamza. Bangon da ke tsakanin ofishin Dakta da na Barakatu katako ne, ba abin da ba ta ji ba. Dakta haifaffen Sabon Gari ne, in ransa ya ɓaci Hausarsa ta fi ta kowa kaifi.

"Malam Hamza, wa ya ce ka riƙa kashe mini inji ranar Juma'a?"

"Haka na saba, ranka ya daɗe."

"Ka saba! Ka san mata nawa ne a waje waɗanda ban san abin da na rubuta musu ba? Ka san akwai yaran da allura ɗaya za ta iya kashewa, kuma sunanta yana cikin akwatin nan? Wa ka tambaya kafin ka kashe?"

Barakatu ta riƙe gefen tebur.

"Ni ke kashewa," in ji tsohon. "In ɓarna ta faru, daga hannuna ne."

"To, ya isa. Ka miƙa makulli kafin ka tafi masallaci. Ka huta haka nan."

Ta zauna tana kallon allon kwamfutarta baƙi ƙirin. Ta tuna shekara biyu da ta yi tana yawo da takardu a leda daga Samaru zuwa Kwangila zuwa PZ kafin ta sami wannan kujera. Ta tuna mahaifiyarta, wadda duk safiya take raka ta bakin titi ta jira har ta hau bas, don maƙwabta su ga 'yarta tana da wurin zuwa. Ta ce wa kanta ai Malam Hamza tsoho ne, dama ya kusa ajiyewa. Ta ce ai Felix bai yi ƙarya ba, wataƙila yankewar wutar ce ta kashe faifan. Amma faifai ko ba a kashe wuta yana mutuwa. Abin da ya hana a sami kwafi a faifai na biyu shi ne maganar, kuma ta san amsarta. Ta ɗauko tsohon littafi ta fara rubuta sunayen matan da hannu, ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowace abin da ta iya tunawa. Ummi ta tuna kalar ƙwayar da aka ba ta, ba ta tuna sunanta ba.

Ɗaya da kwata, benci ya watse. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Inuwa ta faɗo a kan tagar.

"'Yata, in ka…" Malam Hamza ya tsaya, ya yi ɗan murmushi. "Kin ga bakin nan, ya saba."

Ya turo makullai biyu ɗaure da tsumma ta ƙarƙashin gilashi.

"Dakta ya ce a bar shi yana aiki. Don Allah ki riƙa leƙawa. Ma'aunin mai yana ƙarya, in ya nuna rabi to saura kwata. Kada kuma a bar jarkar mai kusa da salansa, inda hayaƙi ke fita."

"Baba," ta ce, "me ya sa ba ka ce ni kake tambaya ba?"

"Ke kika san ciwon akwati ne? Ni na tambaye ki, kin girmama ni kin amsa. Sai in kai ƙarar yarinya?"

Ya gyara dardumarsa. Bai san komai game da saiti ba. Har zuciyarsa ya yarda shi ya yi ɓarnar.

Barakatu ta tura makullan suka koma wajensa.

"Riƙe su tukuna, Baba. In an sauko ka biyo ta nan."

"Dakta fa ya ce…"

"Ka je kada sahu ya cika."

Ya tsaya yana dubanta, sannan ya sa su a aljihu ya tafi. Ta fito. Felix yana zaune a baranda yana cin gyaɗa; da ya ga inda ta nufa, sai ya miƙe, gyaɗar ta zube.

"Sista. Sista!"

Agogon bango ya nuna ɗaya da rabi. A bayan gida janareta na ta ruri, Juma'ar farko cikin wata takwas da wuta ta kai wannan lokaci, ga shi kuma babu sauran abin kwashewa. Ta gyara mayafinta, ta ƙwanƙwasa ƙofar Dakta.