Kabejin da Ya Ƙi Shan Tawada

Ranar Alhamis Malam Hambali, malamin kimiyya, ya jefa 'yan aji uku cikin ruɗani. Litinin za a yi baje kolin kimiyya a makaranta, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka ya wakilci makarantar a Kano. Kubra ta ƙwallafa rai. Tun da aka haife ta a Bunkure ba ta taɓa wuce Kura ba.

Kowa ya ruga shuka wake a gwangwani. Ita kuwa Malam ya ba ta wata dabara: ta tsoma gindin farin ganyen kabeji a ruwan tawada, ya kwana, za ta ga tawadar ta hau jijiyoyinsa. Haka tsiro ke shan ruwa.

Tawada? A gidansu? Gidan da ake karatun allo safe da yamma! Ta tsinko ganye a fadamarsu, ta sulale zaure ta tsiyayo rabin kurtun kakanta, Malam Sammani.

Juma'a da safe ganye fari fat. Ta sake sabo. Asabar ma haka, har ya fara yaushi.

Malam Sammani ya same ta tsugune tana hararar kofi.

"Amarya, ashe ke ce ɓarauniyar? Na yi ta zargin ɓeraye."

"Kai dai tsoho, tawadarka ce ba ta da kyau."

"Tawa? Shekara arba'in ina dafa ta! Kabejinki ne daƙiƙi, ba ya son karatu."

Ta kusa kuka. Sai ya sassauta, ya ɗauko tsumma fari ya tace ɗan abin da ya rage a kofin. Baƙi ya kwanta a kan tsumman.

"Kin gani? Gawayi ne da ƙaro. Ranar da laka ta cika bututun da muke jawo ruwa daga kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, me ke isa ga tumatir?"

Kubra ta miƙe zumbur, ta yi madafi da gudu. Ta jiƙa zoɓo ya yi jawur, ta tace, ta tsoma sabon ganye. Lahadi da hantsi sai ga jan zare-zare sun hau ganyen tun daga gindi har baki. Ihun da ta yi sai da kaji suka watse.

Litinin ta jera kofi biyu a teburinta, da tsumman, da kurtun kansa. Malam Hambali na hangowa ya dafe kai.

"Ke Kubra! Tawadar kwalba na ce, ta alƙalamin boko!"

"Malam, tawada kawai ka ce."

Babu damar gyara, don alƙalin gasar ya riga ya iso, wani ma'aikacin gona daga Kadawa mai kaurin tabarau. Ya gaji da kallon wake, gwangwani goma sha bakwai ya wuce. Ya tsaya.

"'Yata, me ya sa wannan ya sha, wannan ya ƙi?"

Ta nuna masa tsumman. Ta ce hanyoyin ruwa a jikin ganye sirara ne ƙwarai, abin da ya narke kaɗai ke wucewa. Zoɓo ya narke, gawayi kuwa gari ne, ga ƙaro mai danƙo, sai suka toshe ƙofa.

"Wa ya koya miki gwada biyu?"

"Kuskure ne, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da tuɓe tabarau.

Da aka kira sunanta a gaban taro, 'yan ajinsu suka hau dukan tebura. Malam Hambali ya matso, bakinsa har kunne, ya rage murya.

"In mun je Kano, ki ce da gangan muka tsara."

"Haba Malam, ƙarya a bakin jikar Malam Sammani? Ƙarfe nawa mota za ta tashi?"