Mai Tsare Ruwan Biki

"Iska ce ta shige ki, Bu, kwanta in ƙarasa."

"Iskar gidanku!" in ji Warsiti, fuskarta cikin matashi. Mijinta Ngadiman, mai kiran ta Bu, wato uwargida, na durƙushe yana kankare mata baya da tsohon kwabo da man kwakwa don fitar da sanyi, jajayen layuka sun jeru kamar ƙayar kifi. "Wace irin iska ce wannan mai sanin ranar biki, ba ta shiga jikina sai taro ya watse?"

Warsiti ce mai tsare ruwan sama a ƙauyen, gadon kakarta. In za a yi biki, sai ta tsire barkono da albasa a tsinken tsintsiya, ta kafa a tsakar gida, ta zauna ta zuba wa sama ido har baƙi su tafi. Mace ce kuwa kamar ɓauna. Takan wuni tana dashen shinkafa, laka har gwiwa, ruwa na dukan ta, ko tari ba ta yi. Amma dubi abin da bikin 'yar mai injin casa ya bar mata: mura, maƙogwaro kamar an goge da yashi, ga ƙuraje a leɓe. Kowane biki haka take ƙarewa.

"Mutane cewa suke ruwan da kika hana sauka ne yake fitowa ta hancinki," in ji Ngadiman.

"Mutane ba su da aikin yi, Pak," in ji ta, don haka take kiran maigidan nata. "Saurara. Ka san yadda nake ji in hadari ya leƙo ta bayan dutse? Uwar amarya ta kafe ni da ido, zuciyata kamar ana daka. Ba barci, loma ba ta wucewa. 'Yarka Tumini ta ce a asibitinsu ta ji likita na faɗa, wai fargaba in ta daɗe tana kwantar da masu gadin jiki, sai kowace 'yar cuta ta shigo ba sallama."

"Tumini shara take yi a asibitin."

"Shara ta toshe mata kunne ne?"

Kwabon hannun Ngadiman ya rage gudu, ya soma lallaɓa baya kamar mai neman alfarma. Warsiti ta san wannan salon tun suna amarci.

"Faɗi."

"Dagaci zai aurar da ɗansa ran Asabar. Na ce masa za ki zo."

Ta tashi zaune, ta ga sabuwar rigar batik mai zanen rini rataye a ƙusa, ko ninkin kanti bai sake ta ba. Ashe! An ma riga an yi masa tukuici, tsohon kwaɗayayye.

"A tsakiyar damina? Kai ka sa riga ka zauna layin gaba kana washe baki, ni in kwanta da zazzaɓi?"

"Ba a ce wa dagaci a'a, Bu. Da wane ido zan dubi mutane? Kakarki ba ta taɓa ƙin biki ba."

"Kakata ba ta ga jikokinta da ido ba. Ni ina so in yi wa nawa tsawa." Ta zura riga, ta ɗaure zane tamau, ta fyace hanci da ƙarfin da ya kori kaza daga bakin ƙofa. "Ruwa ya sauka in ya ga dama. Su sayi lema."

"Ina za ki da wannan jikin?"

"Gidan dagaci. In ce masa a'a da bakina, tunda naka godiya kawai ya iya."

Ta fice, ta buga ƙofar har tsaka ta faɗo daga bango.