Hanyar Wata Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya Roser Vilalta ta yi tana zana wa kumbon sararin samaniya hanya a wata cibiya da ke bayan garin Barcelona. Saura wata uku ta yi ritaya aka kawo mata aiki na ƙarshe. Akwai wani tsohon kumbo a matsayar da ke tsakanin duniya da rana, inda jan su biyun ya daidaita har abu kan zauna ba wahala. So ake a mai da shi ɗaya matsayar da ke bayan duniya. Man da ya rage masa kilo arba'in ne, can kuwa babu mai ƙara masa ko cokali.

Quim Bosch, abokin aikinta kuma abokin gardamarta, ya same ta a ɗakin shan kofi tana goga tumatur a burodi. Ya dire mata takardar hanyar da ya zana wa kumbon.

"Kwana saba'in, tsohuwa, mai kilo talatin da uku. Zai isa kina kan kujerarki, mu yi shagali, sannan ki tafi renon jikoki."

"Wace ce tsohuwa? Kai da gashin kanka ya riga ka yin ritaya?"

Ta karanta. Lissafin ba shi da aibu, kuma ta san don ita ya matse kwanakin. Abin da bai sani ba, tun makon jiya take da wata hanyar a aljihun teburinta: a ɗan zunguri kumbon ya sulale da kansa, jan duniya da na wata su yi ta miƙa shi, kilo shida kacal. Man da zai rage ya ishe shi aikin shekara huɗu. Amma tafiyar wata goma sha ɗaya ce. Ba wanda ya ga takardar, ba kuma wanda zai tambaya. Kwana uku tana jan aljihun tana mayarwa, tana jin haushin kanta, don a tsawon aikinta ba ta taɓa ƙona mai saboda son rai ba.

Ranar Alhamis, a gaban shugabar cibiyar, ta ɗora takardarta a kan ta Quim. Ya bi lambobin da yatsa har ƙasa, ya cire tabarau.

"Maris ke nan, Roser. Lokacin ko katin shiga ƙofar nan ba ki da shi."

"Na iya ƙirga watanni."

"To wa zai yi jinyar wannan kunkurun naki har ya isa?"

"Kai mana. Gyara uku ne a hanya, na biyun ya faɗo tsakiyar Agusta. Ka gaya wa matarka bana babu zuwa hutu bakin teku."

"Allah ya isa tsakanina da ke," in ji Quim. Ya jawo kujera kusa da ita. "Nuna mini inda yake gilmawa ta gefen wata, ban yarda da wannan kwanar ba."