Tsohon Tof na Motar Tamba

"Atiku, ɗauke hannunka daga tof ɗin nan tun ban taso ba."

Tamba ne ke magana daga kan benci, alhali ko tasowar ba ya iyawa sai an kama shi. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Ni na ɗauko shi a keke napep daga Gwadangaji zuwa gareji, don matarsa Ummu Hani ta aiko mini cewa tun asuba yake laluben sandarsa, zai tafi a ƙasa.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Ni albasa nake saye a Augie in kai kudu, shi kuwa direba ne, Golf ɗinsa ta ci hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu har fasinjoji sun san ƙararta. Da damina injin ya buga. A watan ne kuma likita ya ce ƙodarsa ta gaji.

Atiku bakanike ya samo masa inji ɗan Beljiyam daga Sakkwato, tsaf da shi, yana zaune kan tsohuwar taya. Rigimar a kan tof take, wato murfin ƙarfen nan da ke saman inji inda fulogai ke shiga. Sabon ya zo da nasa mai injekta. Tamba ya ce sai dai a kwance shi a ɗora tsohon nasa mai kafireta.

"Baba Tamba, tof ɗinka ya sha zahi ya lanƙwashe," in ji Atiku. "Wanga kau, yau in na ɗora shi, gobe kana bisa hanya."

"Da wayoyi awa cikin rediyo? In tam mace mini a daji wa ka gyara ta, aljanu? Kafireta ko da baki sai in hura ta ta tashi. Kuma man 'yan bumburutu za ya sha? Ɗan Turai na, cikinai ba ya ɗauka."

"To sai an kai naka Sakkwato an kankare fuskatai ta daidaita."

"A kai."

Na san ciniki, na san mutumin da ke jan magana don a rage masa. Wannan ba shi ba ne. A keke muna komawa na ce masa, "Kai da ba ka da lokaci, mi ak kai ka jayayya da ƙarhe?"

Ya kalli titi. Sannan ya ce, "Maiwada, in nim mutu a gidan nan da hantsi, kahin la'asar kun ruhe ni. Ni Bakabe ɗan Argungu, a ƙasar Gwandu."

"Ƙasa duk ta Allah ta."

"Ta Allah ta. Amma ubana Argungu yake kwance."

Gaskiya ya faɗa. Mu ba mu yawo da gawa. Inda rai ya fita, nan ake wanka, nan ake salla, kafin dangi na nesa su ji labari an dawo daga maƙabarta. Na ce to in je tasha in ɗauko shatar mota ta kai shi Argungu yau ɗin nan. Ya harare ni.

"Yaran da ni koya ma riƙon sitiyari su loda ni awa buhun albasarka? Da motata niz zo garin ga, da ita za ni koma."

Daga nan ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Tof ya tafi Sakkwato, anka ce babu wuta. Wuta ta zo, anka ce mai injin kankarewar ya tafi ɗaurin aure Yabo. Ni ne gareji, ni ne gidan Tamba, ni ne waya a kunne ina zagin mutumin da ban taɓa gani ba. Albasata na can rumbu tana tsiro. Na je a ɓoye na ce wa Atiku ya ɗora mai injektan kawai, mu rufe bonet, wa zai sani? Ya yi dariya.

"Alhaji, mutumin da ka gane motatai tun tana shataletale? Tun ban shigo lungu ba ya san mun cuce shi."

Tamba kuwa kullum ƙasa yake yi. Ya bar cin tuwo, sai kunu cokali kaɗan. Ya sa anka mayar da katifarsa zaure. Duk Golf ɗin da ta wuce sai ya ɗaga kai ya saurara, ya mayar. In na shigo ba ya amsa sallama sai ya ce, "Ya zo?"

Wata Laraba da hantsi ina tsugune wajensa sai ya kama hannuna. Ni ban ji komai ba. Can sai ga ƙarar, sai ga Atiku ya kutso lungu da Golf ɗin, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

Tamba ya ce shi zai tuƙa. Munka ɗauke shi munka zaunar gaban sitiyari. Ya ɗora ƙafa kan kuloci, ya danna, ya ƙara dannawa. Kuloci bai motsa ba. Ya shafa sitiyarin, ya ce a mayar da shi baya. Ummu Hani ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, Atiku ya ja, ni ina gefensa.

Daga kwance yake tuƙin.

"Sa mata giya ta uku, kai. Kada ka hura mata wuta, sabuwar amarya ta."

"To, Baba."

"Akwai rami bayan gidan man ga, ka bi hannun dama."

"An cike shi, Baba."

"Ƙarya kakai."

Muna wuce Ambursa maganar ta ɗauke. Na leƙa madubi. Ummu Hani ta ja gefen mayafinta ta rufe masa fuska, leɓɓanta na motsi. Idonta ya haɗu da nawa. Ba ta yi kuka ba, kai kawai ta girgiza mini kaɗan.

Na fahimce ta. Birnin Kebbi ta fi kusa nesa ba kusa ba. Atiku yaron kirki ne mai tsoron hukuma, da ya sani zai juya kan mota, daga nan sai asibiti, sai limamin unguwa, sai maƙabartar da Tamba ke gudu. Sai na shiga ba shi labarin yadda wani Bayarabe ya so ya damfare ni a Ibadan. Ban san abin da nake faɗa ba. Idona na kan allurar zafi, tana hawa a hankali.

"Baba, ka ga tof ɗinka ko?" in ji Atiku. "Na hwaɗa maka. Ga allura nan za ta Makka."

"Shina barci," na ce. "Bar shi. Taka ta dai."

"In nit taka ta, ta tahwasa."

"Taka ta, Atiku."

Ya dube ni, ya taka.

Mun bar Alwasa a baya da ɗan nisa sai tururi ya taso daga bonet. Atiku ya gangara gefe ya kashe. Ya fita yana mita, ya zagaya ta tagar baya don ya tsokani Tamba. Nan ya tsaya. Ya cire hularsa, ya mayar, ya yi salati.

"Tun yaushe, Alhaji?"

"Ina yah hi kusa yanzu?" na ce.

Ya waiga hanyar da munka fito, ya dubi gaba inda dogayen ƙarafan waya na Argungu ke leƙowa ta saman itatuwa. Ya buɗe but ya ɗauko jarka, ya gangara fadama.

Sai a lokacin Ummu Hani ta saki kukanta, ƙasa-ƙasa. Na ba su baya. Injin na ta ƙas-ƙas yana hucewa, ba a zuba masa ruwa sai ya sarara. Can ƙasa Atiku ya naɗe wando ya shiga gonar shinkafa har gwiwa, ya danna bakin jarka cikin ruwa, balbelu sunka ɗan matsa gefe sunka ci gaba da kiwonsu.