Ranar da na taɓa fis ɗin Baffa

Wata huɗu ke nan da mota ta kaɗe yayana Jibirin a hanyar Kabo, ƙafarsa ta karye gida biyu. Ƙashi dai ya fara haɗewa, amma mutumin ya ƙi dawowa. Yana kwance a ɗakinsa can ƙarshen gida, fuska a bango, ka gaishe shi ya amsa da hanci. Wannan fa shi ne Jibirin da duk Gwarzo ba mai cin sa a wasan ƙwallo na kwamfuta, har daga Gammo samari suke zuwa ya lallasa su yana musu tsiya. Shirunsa ya fi karayar ci mini rai.

Ni ce Zinnira, ina da shagon buga takardu a ƙofar gidanmu. Babbar kwamfutata tana ɗaukar wasan, amma da ita nake cin abinci, ba ta ɗaguwa. Tsohuwar laftof ɗin Jibirin kuwa ko buɗe wasan ba ta iyawa. Sai na ce to, wasan ya gudana a shago, hoton ya riƙa zuwar masa ɗaki. Na gwada wayfay, wato haɗi marar waya, katangun ƙasa uku suka cinye shi. Na ce zan ja waya ta tsakar gida, Baffa Badamasi, wan mahaifinmu kuma mai gidan, ya ce ba za a huda masa katanga saboda wasan banza ba.

"Mara lafiya addu'a yake buƙata da hutu," in ji shi.

"Wata huɗu yana hutawa, Baffa," na ce. Ya harare ni, na sunkuyar da kai, amma a raina ban janye komai ba.

Na aika Kano aka sayo mini adafta guda biyu, irin waɗanda ake jonawa a soket su tura saƙo ta cikin wayar wutar gida. Ba huda, ba igiya. Na jona ɗaya a shago, ɗaya a ɗakin Jibirin. Ƙaramar fitilar da ke nuna sun ga juna ta ƙi kamawa. Kwana biyu ina cirewa ina mayarwa kamar wadda aka yi wa asiri.

Salisu mai gyaran wuta ya zo ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malama Zinnira, ai ba layinsu ɗaya ba. Shagonki yana layin sama mai ƙarfi, cikin gida yana na ƙasa. Ta ina za su gaisa?"

Gidanmu layi uku ne ke shigowa, fis ɗinsu a jere a bangon zaure. Idan wuta ta yi rauni a wani layi, sai a cire fis a mayar wani. Tun ina yarinya Baffa ne kaɗai ke yin wannan, da takalminsa na roba da bismillarsa. Ko maza ba sa kai hannu wurin, balle mace. Shi ya ba shagona layi mai ƙarfi don injin fotokwafi, kuma yana yawan tuna mini.

Na roƙe shi ya mayar da shagon layin cikin gida. Ya ce a'a, bai ko ɗago daga rediyonsa ba.

Ranar Talata da hantsi aka ɗauke wuta. Na sa takalmin roba, na taka benci, na zare fis ɗin shagona na cusa shi a layin ƙasa.  Ina saukowa sai ga Baffa a bakin zaure.

"Ke! Wa ya sa ki?"

"Ba kowa, Baffa."

"Injinki ba zai tashi a wannan layin ba. Kin sani?"

"Na sani. Masu son fotokwafi su tafi bakin tasha."

Ya ce kafin la'asar in mayar da fis ɗin inda na gan shi. Na ɗauki bencina na koma shago.

Bayan azahar wuta ta dawo, fitilar nan ta kama kore shar. Na kunna wasan a shago, na ruga ɗakin Jibirin, na ɗora masa laftof a cinya da rimot ɗin wasan a gefe. Na fito da sauri. Ina tsoron in tsaya ya juya bango don ya nuna mini bai damu ba.

Da aka kira la'asar Baffa ya same ni a shago, injin fotokwafi yana ta gurnani ya kasa tashi.

"Lokaci ya yi," ya ce.

"Ba zan cire ba, Baffa. In za a cire, ka je ka gaya wa Jibirin da bakinka."

Ya juya a fusace ya nufi ƙarshen gida, na bi bayansa. Ya ɗaga labule ya tsaya a bakin ƙofa, rana ta shigo ta bayansa ta faɗa kan laftof ɗin. Jibirin yana zaune, ba kwance ba, ya jingina da bango, gumi a goshinsa, yatsunsa suna ta aiki. Baffa ya buɗe baki zai yi magana.

"Haba Baffa, saki labulen mana!" Jibirin ya faɗa da ƙarfi, bai ko waiwayo ba. "Ba na ganin gola, kuma saura minti biyu a tashi!"

Baffa ya dube shi, ya dubi laftof ɗin. Sannan ya shiga ciki, ya saki labulen a hankali, na ji ƙarar kujera ya ja ya zauna.