Kujerar da Mama Ozella Ta Hau

A shekarar 1961 Ozella Tarver ta fito daga addu'ar Laraba, ta shiga wani gidan abinci a garinmu da ke jihar Alabama ta Amurka, ta hau kujerar da aka keɓe wa fararen fata. Ta ce a ba ta yanka ɗaya na kek ɗin dankali. Awa huɗu tana zaune tana addu'a. Kek bai zo ba, 'yan sanda ne suka zo. Da aka sake ta, cewa ta yi Allah bai ware wa kowa kujera ba. Washegari mutum talatin suka bi bayanta.

Bana cocinmu ya samo kujerar don karrama ta. Dattijon coci, Lucius Broadnax, wata uku yana lallashinta ta zo bikin, domin ba ta son yabo, kuma sau biyu tana juyawa daga bakin ƙofar irin wannan taro. Fargabarsa kada a yi na uku a hannunsa.

Ta iso cikin farar riga da faffaɗar hula. Lucius ya goge kujerar tana ƙyalli, ya kewaye ta da jar igiya, ya rataya takarda.

Mama Ozella ta tsaya cak.

"Lucius, idona ya yi rauni. Karanta min."

Ya yi ƙus-ƙus.

"Ɗaga murya, ɗana. Ba haka na koya maka a makarantar Lahadi ba."

"Kada... a zauna, Mama."

"Wancan karon ma haka suka ce min. Sai dai su ba su da igiya mai kyau haka."

Ta fara juya sandarta wajen ƙofa. Vernell mai girkin coci ta sauke mafici, ta ce, "Dattijo, ka tsaya kallo ne? Kwance abin nan mana!"

Ya kwance igiyar, ya cusa takardar a aljihu, ya miƙa wa Mama hannu. Ta hau, ta gyara hula.

"To, ina kek ɗina? Shekara sittin da huɗu nake jira."

A cocinmu ba a taɓa abinci sai an gama jawabai, amma Vernell ta ruga ta yanko mata kek. Mama ta sa albarka, ta kai loma, jama'a suka ɗauki tafi da "Amin!"

"Sukari ya yi kaɗan," in ji ta. "Yara, ku yi layi, kowa zai hau. Lucius, kai ne na ƙarshe."