Rajistar Masuntan Wara

Janareto na ta ruri a bayan ofishin tallafa wa masunta da ke Yelwa. Zulaihatu ta ƙura wa gilashin kwamfuta ido, yatsanta a kan maɓalli, ta kasa dannawa.

Shekara biyu ta yi a Sakkwato tana koyon aikin rumbun bayanai. An koya mata cewa kowane mutum lambarsa ɗaya, kada suna ya shiga sau biyu, a bi layi-layi a tantance, a kwafe komai a faifai kafin a tashi. Malaminsu yakan ce haƙuri da amana su ne rabin aikin, don na'ura abin da aka ba ta shi take riƙewa. Da wannan ilimi ta sami aiki a daminar 1990. Wata uku tana bin ƙauyukan bakin ruwa, har ta shigar da masunta ɗari takwas da za a raba wa sabon taru.

Yau da safe shugaban ofishin, Alhaji Sahabi, ya ajiye mata takarda mai suna sittin. 'Yan'uwan matarsa ne da masu shaguna a kasuwa, waɗanda ko filafilin tuƙa jirgi ba su taɓa riƙewa ba.

"Cire sittin na ƙarshe, ki sa waɗanga."

"Ranka ya daɗe, mutanen Wara ne a ƙarshe. Har da mahaifina."

"To bar shi, ki cire wani. Abin ai a hannunki yake." Sai da ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Kin dai san masu son kujerar nan suna da yawa."

Ta bar sunan Mati, mahaifinta, wanda shi ne na farko cikin sittin ɗin. Sunan da ke samansa na Yohanna ne, maƙwabcinsu, wanda ya tsallaka da ita a jirginsa ranar da za ta tafi makaranta. Ta sa shi a madadin mahaifinta, ta danna maɓallin gogewa. Na'urar ta tambaya ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata.

Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Shiru. Ta kwafe aikin a faifai, ta lulluɓe kwamfutar da ƙyalle.

* * *

Bayan sati uku ta je Wara. Ta tarar da mahaifinta a bakin tafki ya baza sabon taru, fuskarsa fal murna. Yohanna na tsugune gefensa yana taya shi ɗaure igiya.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka," in ji Yohanna. "Ni nawa sunan bai fito ba. An ce na'ura ce ke zaɓe, ita kuwa ba ta son kai."

"Haka ne, Baba," ta ce.

Ya miƙa mata bakin igiyar ta riƙe masa. Ta riƙe. Can gefe tsohon tarun Yohanna na shanye a kan kara, ramukansa har akuya na zura kai.